Foldar da Ya Ce Kada a Taɓa

Ina tsaye gaban injin kwafi, ina fitar wa wata mata takardun makarantar ɗanta, wayata ta yi ƙara. Lambar ƙanena ce. Tun da safe ya hau babur zuwa Katagum don ya kai wa kawunmu magani, na ɗauka zai tambaye ni ne aikin da ya bari a kan kwamfuta ta huɗu. Muryar da na ji ba tasa ba ce. Wani mutum ne ya yi sallama, ya tambaye ni ko ni ne wanda aka rubuta "Yaya" a cikin wayar. Na ce ni ne. Ya ce in yi haƙuri, mota ta buge mai wayar a hanya, suna tahowa da shi Azare. Na tambaye shi ko yana magana. Ya sake cewa in yi haƙuri.

Na miƙa wa matar takardunta. Na ce wa mutum biyun da ke zaune a shagon su tashi, zan rufe. A fuskar kwamfuta ta huɗu akwai wani koren layi da yake cika a hankali tun safe, ya ɗan wuce rabi. Kafin ƙanena ya fita ya ce da ni, "Yaya, ko me zai faru kada ka kashe ta huɗu." Na ga layin, na tuna maganar, na fita baya na kashe janareta.

Mun binne shi bayan la'asar.

Shagon namu ne mu biyu. Ni sakandare kawai na gama, na koyi buga takardu, na buɗe wurin da keken rubutu da injin kwafi. Shi ne ya yi difloma a Bauchi, ya dawo ya dame ni sai mun sa intanet. Muka ɗora farantin intanet a kan rufi, muka jera kwamfuta shida. Masu neman aiki da ɗalibai da ma'aikatan gwamnati suka riƙa zuwa. Ta huɗu ce a lungu, ita ya ware wa kansa, a cikinta kuma ya sa wani wasa da ake yi ta intanet tare da mutanen wasu ƙasashe. Kowa da ɗan mutum-mutuminsa, su haɗu ƙungiya su shiga daji da koguna suna yaƙi da dodanni. Ban taɓa son wasan ba. Yana rage wa masu zuwa saurin intanet, yana kuma cin lokacinsa.

Na taɓa ce masa, "Duk karatun da ka yi, a yaƙi da dodanni ka ƙare."

Ya ce, "Ni ba na yaƙi, Yaya. Ni ne mai maganinsu. In an sare su ni nake tashinsu."

Na ce, "To likita, zo ka tashi injin kwafin nan, tun jiya yake cin takarda."

Lokaci zuwa lokaci masu wasan sukan aiko da gyara, wanda dole ne kowa ya sauke ya ɗora a kan nasa kafin a bar shi ya shiga. Faci yake kiransa, kamar na taya. Da irin intanet ɗinmu, faci ɗaya yakan ci wuni guda. Shi ne koren layin da na katse.

A wurin jana'iza liman ya roƙi jama'a, duk wanda mamacin ya saɓa wa ya yafe masa. Wannan bai ishi Inna ba. Bayan sadakar uku ta fara aike na gida gida. Na je wurin tela da suka taɓa musu a kan ɗinkin sallah. Na je wurin wani abokin karatunsa da suka daina gaisawa. Na je har Misau wurin wata gwaggonmu da ya yi shekara bai ziyarta ba. Ko'ina sai in zauna, a gaisa, in faɗi abin da ya kawo ni, in jira har mutumin ya furta da bakinsa cewa ya yafe. In na dawo Inna takan tambaye ni, "Ya faɗa?" In na ce ya faɗa, sai ta gyaɗa kai.

Ranar da na ɗauka mun gama, tana zaune a tsakar gida tana tsintar wake, ta ce, "Saura dattijon cikin akwati."

Ban gane ba, sai da ta ba ni labari. Ana gobe zai rasu, ƙanena ya dawo gida da la'asar ransa a ɓace. Ya gaya mata suna tsakiyar wasa aka ɗauke wuta, kafin ya tashi janareta ya koma, dodanni sun kashe mutanensa. Wani daga cikinsu ya yi masa faɗa, shi kuma ya mayar masa da baƙar magana. Ya ce da ita, "Inna, abin da na rubuta masa ba zan iya faɗa wa kawu ba." Ta tambaye shi ko mutumin babba ne. Ya ce ya taɓa gaya masa yana da jikoki. Ta ce to ya je ya ba shi haƙuri. Ya ce wasan ya rufe sai an yi faci, amma gobe in ya dawo daga Katagum zai ba shi.

Na ce, "Inna, wannan wasa ne. Mutumin ko sunansa na gaskiya ba mu sani ba."

Ta ce, "Mutum ne ko ba mutum ba ne?"

Na ce mutum ne.

Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Washegari na buɗe shago, na kunna ta huɗu, karo na farko tun ranar. Na danna alamar wasan da ke fuskar kwamfutar, kamar yadda na sha gani yana yi. Wani ɗan akwati ya fito, da ɗan Turancina na gane yana cewa sai an yi faci. Na yarda. Koren layin ya fara daga farko. Na sayi mai, na bar janareta tana yi, na riƙa ba masu zuwa haƙuri saboda intanet ya yi nauyi. Gab da magariba layin ya cika, aka rubuta an gama. Na sake danna alamar. Ta ce wasan ya lalace.

Akwai wani malamin lissafi a wata sakandare, Kirista ne daga kudancin Bauchi, ya daɗe a Azare. Yakan zo shagon duba saƙonninsa, su zauna da ƙanena suna gardamar ƙwallo. Ba ya yin wasan, amma ya san kwamfuta. Ya zo ta'aziyya kwana uku a jere. Ya girme ni, amma Yaya yake kirana, don kuwa haka ya ji ƙanena yana kirana. Na same shi na faɗa masa abin da Inna ta ce. Na yi zaton zai yi dariya. Ya ce in ya tashi daga aji zai zo.

Ya zauna a kujerar lungu, ya buɗe cikin kwamfutar, ya dudduba. Sannan ya ce, "Yaya, zo ka gani. Wasan ba ɗaya ba ne a nan."

Folda bakwai ce, wato ma'ajiya a cikin kwamfuta, kowacce da cikakken wasan a cikinta. Ya bayyana mini cewa ƙanena ya san halin wutarmu. In wuta ta ɗauke ana cikin faci, wasan yakan lalace gaba ɗaya, sai a sake sauke shi tun daga tushe, abin da zai ci kwanaki. Saboda haka kafin kowane faci yakan kwafi foldar ya ajiye gefe, in abu ya ɓaci ya koma wa kwafin. Bai sa musu lamba ba, bai sa kwanan wata ba. Abin da ke faruwa a gida yake sa musu.

Na farko ya rubuta "asali". Sai "kafin azumi". Sai "ranar da rufi ya yi yoyo". Sai "sunan 'yar Yaya". Sai "Yaya ya yi fushi". Sai "sabo". Ta ƙarshe ya rubuta mata "kada a taɓa".

Na tsaya ina karantawa. Na tuna yoyon, mun ɗauke kwamfutoci muna rufa musu leda. Na tuna sunan, shi ya riƙe ragon. Fushin ne ban iya tuna wanne ba, domin sun yi yawa.

Malam ya ce, "Wannan ta fushin ta fi kowacce girma."

Na ce, "Malam, yi aikinka."

Ya ce, "Ina yi. Faɗa kawai na yi."

Ya nuna mini inda na yi kuskure. Alamar da nake dannawa "sabo" take buɗewa, wadda ta lalace ranar da na kashe janareta. Shi kuwa facin, in ba a nuna masa hanya ba, folda ɗaya ya sani, wadda aka fara sa wasan a ciki, wato "asali". Duk wunin da na yi ina ƙona mai, can ya je ya zauna. Malam ya ce, "Ka kai magani gidan da mara lafiya ya daɗe da tashi."

Muka buɗe "asali". Wasan ya tashi da kiɗa, ya nuna gurbi biyu, na suna da na kalmar sirri, dukansu babu komai. Ban san ko ɗaya ba. Malam ya ce wasan yakan tuna su, amma a cikin foldar da aka saba shiga da ita. Muka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin akwai suna, babu kalmar sirri. Da muka zo "kada a taɓa" na ce ya dakata. Na daɗe hannuna yana kan kujerarsa, sannan na ce ya buɗe. Sunan yana nan, a ƙarƙashinsa kuma ga ɗige-ɗige guda tara. Malam ya duba ya ce da safiyar ranar aka yi foldar, kafin ƙanena ya hau babur.

Na ce to a yi mata facin.

Ya ce, "A'a, Yaya. Mai ita ya ce kada a taɓa. Mu yi yadda yake yi, mu kwafa tukuna."

Cikin kwamfutar ya cika, babu wurin kwafi. Ya ce mu share tsofaffin duka, ba su da amfani. Ban yarda ba. Na ce ya share "sabo" da ta lalace da "asali" da ba ta san kowa ba, ya bar mini sauran. Bai yi musu ba. Ya kwafi "kada a taɓa", ya sa wa kwafin suna "asali" don facin ya same ta inda ya saba zuwa. Ya sa na rubuta matakan a takarda da hannuna, na ɗaya, na biyu, na uku.

Washegari, Laraba ce, ban buɗe wa kowa shago ba. Na cika janareta, ko da aka kawo wuta ban juya ba, don kada a ɗauke a tsakiya. Na zauna ina kallon layin. Bayan la'asar ya cika. Malam ya zo da alli a jikin rigarsa. Ya ce ni zan danna. Na danna.

Wani ɗan mutum ne sanye da farar riga, riƙe da sanda, yana tsaye a bakin wata gada ta dutse. Ruwa yana gudu a ƙarƙashinta. Inda ƙanena ya bar shi ke nan. Yana ɗan motsi kamar mai numfashi.

Kafin mu taɓa komai, rubutu ya fito a ƙasa. Malam ya karanta ya ce, "Wani ne yake cewa, ina ka shiga, mun ɗauka fushi ka yi ka bar mu."

Na ce ya rubuta masa cewa ba shi ba ne, yayansa ne. Ya rubuta cewa Allah ya yi masa rasuwa a hatsarin hanya. Ya rubuta. Sai ga wani mai sulke ya taho da gudu ta kan gadar, ya tsaya gaban mai farar rigar. Can sai ga wasu biyu. Ɗayansu ya zauna a ƙasa. Rubutu ya riƙa fitowa, Malam yana faɗa mini da Hausa. Wani ya ce shekara biyu suna tare bai taɓa barinsa a kwance ba. Wata, ashe mace ce, ta ce yakan ba su labarin zafin garinmu da yayansa mai faɗa.

Na ce, "Rubuta musu, mahaifiyarsa tana roƙon duk wanda ya saɓa wa ya yafe masa."

Malam ya rubuta, ya karanta amsa. "Sun ce babu abin da za su yafe."

Na ce, "Ka ce su dai faɗa."

Ya dube ni, ya rubuta. Suka faɗa, ɗaya bayan ɗaya, su uku.

Sannan na tambayi dattijon. Sun san maganar, a gabansu aka yi. Suka nuna mana sunansa a jerin abokai da ke gefe, a dushe yake, alamar ba ya nan. Suka ce ranar Asabar da Lahadi yake shiga, wani lokaci da tsakiyar mako in ya samu sarari. Matar ta ce sau biyu yana tambayar ko mai magani ya dawo.

Malam ya ce, "Yaya, akwai wurin barin wasiƙa a cikin wasan. Mu rubuta masa yanzu, duk ranar da ya shigo zai gani. Ko mu ce waɗannan su gaya masa."

Na ce a'a. Na ce labarin rasuwa su gaya masa in sun gan shi, amma neman yafiya ba a aika shi a takarda, ba a kuma ba wa ɗan saƙo. Na je wurin tela da ƙafata, na je Misau da ƙafata. Dattijo mai jikoki da aka zaga ba zan jefa masa wasiƙa ba. Zan zo ranar Asabar in tsaya gabansa, in faɗa, in ga amsarsa.

Ya ce, "Abin nan ba shi da tabbas. Ka ga wahalar da muka sha kafin mu shigo."

Na ce, "Kwana uku ne."

Ya ɗaga kafaɗa ya ce ni ne babba a nan. Muka yi musu sallama, muka fita. Bai zo mini a rai in rubuta sunan dattijon a takarda ba, ko na sauran. Sunayen haruffa ne cuɗe da lambobi, kuma ga su nan a jere a cikin wasan, na ɗauka kullum zan same su.

Na gaya wa Inna mutum uku sun faɗa. Na gaya mata abin da na yanke game da dattijon. Ta ce na yi daidai, in je da kaina.

Ranar Asabar na buɗe shago da sassafe. Na danna. Akwatin nan ya fito, an aiko da sabon faci. Ban tsorata ba. Na ɗauko takardata, na bi matakan yadda aka koya mini. Na kwafa tukuna, na tabbatar facin zai je inda ya kamata, na tashi janareta. Wannan ƙarami ne, kafin azahar ya gama. Wasan ya tashi da kiɗansa. Gurbin suna babu komai, gurbin kalmar sirri babu komai.

Na aika aka kira Malam. Ya karanta sanarwar da ta zo da facin, ya cire tabarau ya goge. Ya ce masu wasan sun daina barin kwamfuta ta riƙe kalmar sirri, saboda ana satar na mutane a shagunan intanet irin namu. Daga yau kowa sai ya rubuta tasa da hannu.

Na ce ai muna da kwafi. Muka buɗe wanda na yi da safe. Sunan yana nan, ɗige-ɗigen suna nan, amma da an danna sai ya ce sai an yi faci. Muka sake kwafar "kada a taɓa", muka ɗora mata facin biyu a jere, ya ci mana wuni ɗaya da rabi. Ta fito babu komai. Wadda ba a yi wa faci ba tana riƙe da kalmar amma ba a barinta ta shiga, wadda aka yi wa kuma ta manta.

Mun gwada duk abin da ya kai harafi tara. Sunan Inna da shekara, sunan 'yata, sunan unguwarmu, lambar babur ɗinsa. Malam ya nemi a aiko da sabuwar kalma, aka ce an aika akwatin saƙon ƙanena, shi ma a kulle yake. Daga ƙarshe ya buɗe mini sabon suna a cikin wasan. Muka nemi dattijon da abin da Malam ya iya tunawa na sunansa, muka juya haruffan ta kowace hanya, kullum a ce babu mai wannan suna. Na ce to in kai ɗan mutumina bakin gadar in jira su. Ashe sai wanda ya yi watanni yana wasa yake iya kaiwa can. Na zaɓi mai magani, na riƙa zama a kujerar lungu tsakanin azahar da la'asar ina koyo. Hannuna bai saba ba. Da na fita ƙofar garin farko sai wasu kuraye su kashe ni. Na yi kusan wata biyu a haka, ban ko hango ruwan ba.

Malam bai taɓa ce mini ai ya faɗa ba. Wata rana dai yana tsaye a bayana yana kallo, ya ce, "Wataƙila mutanen nan uku sun gaya masa komai, Yaya. Wataƙila ya yafe tuni." Na ce wataƙila.

Na gaya wa Inna gaskiya. Ta saurare ni har na gama, ta ce Allah ya ga niyya. Amma bayan kwana biyu ta tambaye ni ko akwai labarin dattijon, kuma ta ci gaba da tambaya, wani lokaci bayan wata guda, wani lokaci bayan uku. Ban taɓa iya ce mata ya faɗa ba.

Daga baya na sauke farantin, na sayar da kwamfuta biyar, na koma kwafi da buga takardu. Ta huɗu tana ɗakina, na rufe ta da zane. Lokaci zuwa lokaci nakan kunna ta in tabbatar tana tashi. Foldojinsa biyar suna nan da sunayen da ya sa musu, kuma in na buɗe ta ƙarshen ina ganin sunansa da ɗige-ɗigen tara. Dattijon ban same shi ba, haƙurin da ƙanena ya ce zai ba shi in ya dawo daga Katagum har yau ban isar da shi ba.